Ruwan da Na Sa Aka Ƙara wa Inna

A ƙauyenmu, in ana so a san ko mutum ya haifi 'ya'yan kirki, ranar da ya kwanta ciwo ake jira. Masu dubiya za su shiga ɗakinsa, bakinsu na cewa sannu, idonsu na bin bango yana neman ƙusa. In sun ga ledar ruwa a rataye, igiyarta ta sauko ta shiga hannunsa, shi ke nan, 'ya'yansa sun yi ƙoƙari, ko ya tashi ko bai tashi ba. In ba su gani ba, ko an cika masa kwano da magani, za su fita suna cewa an bar bawan Allah haka nan. Ƙwaya a wurinmu ta marasa gata ce. Allura ta ɗan fi ta daraja. Ƙarin ruwa kuwa shi ne ƙarshen gata, babu abin da ɗa zai yi wa uwarsa da ya wuce shi. Da wannan na tashi, kuma karatun da na yi har na zama malamin firamare bai cire mini shi daga kai ba.

Ƙauyen yana bakin dajin Birnin Gwari, in ka bar kwalta sai ka yi tafiya a babur har bayanka ya gaya maka. Muna da asibitin sha-ka-tafi, ɗaki biyu da baranda, da gadon ƙarfe ɗaya wanda ƙafarsa guda take kan bulo. Ma'aikaciya ɗaya ce a cikinsa, nas, kowa Sista yake ce mata har limaminmu. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, gajeriya mai kauri, ga faɗa. Ina sakandare aka kawo ta, ta zauna da mu har furfura ta fito mata a goshi. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Ita ta ɗinke mini ƙafa ranar da na sare ta da fartanya, tana ɗinki tana yi mini tsiya, wai malamin makaranta guda bai san inda ƙafarsa take ba. Daga ƙauyukan Gbagyi da rugagen Fulani, har daga wajen Kutemeshi, mata kan tako su zo mata da goyo.

Laifinta ɗaya a wurinmu, rowar ruwa. Kwalin ledojin yana nan ƙarƙashin teburinta, kowa na ganinsa, amma kafin ta rataya wa mutum guda sai ya kusa leƙa kabarinsa. Ka kai mata tsohonka yana jin kasala, ta buɗe idonsa ta duba, ta ja fatar hannunsa ta saki, ta ce a mayar da shi gida a dama masa kunu. Yaro na zawo, ta ce a haɗa ruwan gishiri da sukari a riƙa ba shi da cokali. Mu fito muna gunaguni, wai 'yan cocinsu take ɓoye wa. Su kuma 'yan cocin suna can suna cewa Musulmi take ɓoye wa don ta samu shiga. Duk tana jin abin da ake faɗa, ko a jikinta.

A shekarun nan garinmu cike yake da tsofaffi, har sun so su yi mana yawa. Sahun farko a masallaci fari fat da gemu, in ka makara ko a na biyu ba ka da wuri. Ranar Lahadi ka ga 'yan tsofaffin Gbagyi sun jero da sanduna sun nufi coci, suna tafiya suna hutawa suna zagin jikokinsu. Mun ɗauka haka Allah ya yi mu, masu ƙarfin jini, wasu ma suka ce ruwan rijiyarmu ne. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa gajeriyar matar nan da muke zagi tana da hannu a ciki, ita da ke bi gida-gida kowace Laraba da abin awon jini a hammata, tana buɗe tukunyar miyar mutane ba a gayyace ta ba.

Gidanmu yana cikin gidajen da take shiga, saboda mahaifiyata. Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma duban tsakiyar idona. Ina yaro "kai wannan" take ce mini, da na fara koyarwa ta samu sauƙi ta koma Malam kamar kowa. Daddawa take yi ta sayarwa. Bayan rasuwar mahaifinmu hawan jini ya kama ta, a hankali ya gajiyar mata da zuciya. Ƙafafunta suka riƙa kumbura, ɗan tudun da ke tsakanin gidanmu da rijiya sai ta tsaya sau biyu tana haki. Sista kan zaunar da ita a kan turmi, ta danna mata babban yatsa a ƙwauri, ta ɗaga, su biyu su zuba wa ramin ido su ga ko zai cike.

"Mama, kin sake cin kanwa."

"Wallahi 'yar kaɗan ce, a miyar kuɓewa."

"Ai ƙafarki ta riga ta kai ƙararki."

Akwai wata ƙaramar farar ƙwaya da take ba ta, mai sa fitsari. Inna ta tsane ta. Ta ce, "'Yar nan, ƙwayar nan taki ba ta barina da alwala." Sista ta ce, "Gara ki yi alwala sau goma da a yi miki wanka sau ɗaya." Suka kwashe da dariya har Inna na tari. Ranar ina tsakar gida ina gyara fitila, na ji Sista ta sauke murya ta ce, "Mama, ki saurare ni. Ke ruwa ne ya yi wa jikinki yawa, zuciyarki ba ta iya tura shi. Cirewa muke yi. Duk wanda ya zo miki da leda, ko ni ce, ki kore shi." Na ji da kunnena. Na yi tsaki a raina, na ce rowar ce dai ta samo mata sabon suna.

Sai daji ya canza. Ba sai na tsaya ba da labari ba, duk wanda ya san Birnin Gwari ya san shi. Aka fara da shanu, aka koma tare hanya, aka koma ɗaukar mutum a gonarsa da fartanya a hannu. Masu gudu daga wajen Gwaska suka riƙa ratsa garinmu da tabarmi a ka. 'Ya'yan Sista da ke Kaduna suka yi ta yi mata waya ta taho, ta ce in ta tafi wa zai auna mata tsofaffinta.

Wata ranar kasuwa da rana tsaka, babura uku na 'yan bindiga suka tsaya a ƙofar asibiti. Daga makaranta muna hango su, na sa yara suka kwanta ƙarƙashin benci. Suka fito da Sista da jakarta, suka sa ta a tsakiyar mutum biyu, suka shige daji. Babu wanda ya bi su, har da ni. Kwana uku ana addu'a, masallaci da coci. A na huɗu da hantsi ta dawo da ƙafarta, tafin ƙafar duk ƙaya, farar rigarta ta koma kalar ƙasa. Ta ce wani nasu ne harsashi ya samu a cinya, suka sa ta cire ta ɗinke, bakin bindiga a ƙeyarta. Ta yi wanka ta buɗe asibiti, don akwai mai naƙuda tana jira.

Da sun kashe ta, da yau muna ambatonta da alheri. Da sun riƙe ta sai da aka sha wahalar fanso ta, da mun tausaya mata. Amma ta dawo lafiya ba a nemi komai ba, kuma wannan ne ba mu yafe mata ba. Bayan wata biyu suka sake zuwa suka ɗauke ta, ta sake dawowa. Daga nan aka fara magana ƙasa-ƙasa a bakin rijiya da teburin mai shayi. Me take gaya musu a can? Ita da ta san cikin kowane gida, ta san wa ke da shanu, ta san wa ɗansa ke aiki a Abuja? Akwai kalmar da ake jifan mutum da ita a lokacin, wadda in ta same ka ba ka tashi, ita ce infoma, mai kai wa 'yan daji rahoto.

Da kaka, ana yankan shinkafa a fadama, 'yan dajin suka faɗa wa mutanenmu. Cikin waɗanda aka kwaso a amalanke akwai ƙanena, mai bi mini. Sista ce ta tare shi a baranda, ta danne masa ciki da hannu biyu tana ihu a kawo mata ƙyalle, a hannunta ya cika. Na ga wannan da idona, bai kuma hana ni abin da na yi ba.

Bayan addu'ar bakwai aka taru a ƙofar gidan dagaci, ƙarƙashin mangwaro. 'Yan sa-kai suna so a ba su ita su tambaye ta da kansu, kowa kuwa ya san yadda tambayarsu take ƙarewa. Dattawa suka ce a'a, a rubuta takarda a kai wa manyanta a cikin garin Birnin Gwari, su ɗauke ta su kawo wani. Aka juyo aka dube ni, don ni ne mai Turanci. Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ranta na ceta da takardar nan. Ƙarya ne, daɗin rubuta ta na ji. Na zauna da biro da ƙamus na zaɓo kalmomi masu nauyi, na rubuta abubuwan da ban gani ba kamar a gabana aka yi. Har rowar ruwa na sa a ciki, na ce tana hana marasa lafiyarmu tana kai wa 'yan daji. A ƙarshe na roƙa a turo mana ma'aikaci namiji, ɗan ƙasa, mai tausayi. Mutane suka yi ta dangwala yatsa har takarda ta cika aka juya bayanta.

Inna ta ji a bakin mata. Ɗanta aka kashe, ita ya kamata ta fi kowa zafi. Da na shiga gaishe ta tana tsince kalwa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, an ce hannunka ne." Na ce hannun gari ne gaba ɗaya. Ta ce, "Hannun da ya danne cikin ɗan'uwanka fa, na wane ne?" Na tashi na fita. Magana tsakanin uwa da ɗan fari ba ta tsawo, wannan ma ita ce mafi tsawo da ta taɓa yi mini a kan wani laifi nawa.

Ba a daɗe ba takardar canjin wurin aiki ta zo. Ranar da Sista za ta tafi, an riga an ɗaure katifarta da kejin kajinta a bayan a-kori-kura, ta ce direba ya jira ta. Ta tako har gidanmu. Ina zaune a zaure ta yi sallama, na yi kamar ina gyaran rediyo, ta wuce ciki. Ta ƙofar zaure ina hango su. Ta ba Inna ƙullin ƙwayoyi a leda, ta auna ta, ta ce a ɗauko katin asibitinta. Ta kife turmi ta ɗora katin a kai, ta yi rubutu da jan biro, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Inna na kuka, ita ba ta yi ba. Da ta fito sai ta tsaya a kaina.

"Malam, na ga takardarka. Rubutunka na da kyau."

Na ƙara sunkuyar da kai kan rediyon.

"Kai ne mai karatu a gidan nan. Ka duba katin Mama, ka karanta abin da na sa."

Na ce, "Mun gode. A sauka lafiya."

Ban duba ba. Inna ta mayar da katin cikin kwallarta, ƙarƙashin farin yadin da ta daɗe da tanada don likkafaninta, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Ni kuwa na ci gaba da murɗa rediyon da lafiyarsa lau.

Ma'aikaci namiji ɗan ƙasa mai tausayi bai zo ba. An taɓa turo wani sau ɗaya, ya sauka daga babur, ya dubi asibitin, ya dubi daji, ya ce wa ɗan acaɓa kada ya kashe inji. Da muka je bin sawu aka gaya mana gaskiya, ma'aikatan jinya ko a cikin gari ba su isa ba, masu gama karatu Kaduna suke nufa ko Abuja, mai sa'a ya hau jirgi ya bar ƙasar. Wa zai yarda ya zo inda aka ɗauki nas sau biyu, ta dawo, mutanen gari suka kore ta? Labarinmu ya riga mu isa ko'ina. Awaki suka gaji barandar asibitin, wani ya kwance gadon ƙarfen ya kai gidansa.

Wanda ya gaji aikin wani mutumin garinmu ne da ya yi shekara guda yana tsaron shagon magani a Birnin Gwari, ya dawo ya buɗe kemis a bakin kasuwa. Cikin sati ɗaya muka naɗa shi Likita. Ba mugu ba ne, har yau ban riƙe shi da komai ba. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ka ce allura, ya yi maka. Ka ce ruwa, ya tambaye ka fari ko rawaya. Gari ya ɗauka da murna, aka ce yanzu ne aka samu mai tausayi, ƙusoshin bango suka samu aiki.

Sai tsofaffi suka fara tafiya. Babu abin mamaki a mutuwar ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa ba mu lura ba. Wannan ya faɗi a bayan gida ɓarin jikinsa ya shanye. Wancan ciwon suga ya cinye masa ƙafa daga ɗan ƙaramin gyambo. Mata biyu a unguwarmu suka tafi wurin haihuwa a damina ɗaya, jini ya ɓalle ana can ana neman babur. A ce kwana ya ƙare, a yi addu'a, a watse. Kwana kam na Allah ne, ban musa ba, amma na ga yadda kwanan mutanen gari guda ya riƙa ƙarewa da wuri tun daga shekarar da mace ɗaya ta hau a-kori-kura. Bindiga ta ci mutanenmu, wannan ana faɗa a rediyo. Waɗanda suka mutu a kan tabarmarsu babu mai faɗar su, kuma a ganina sun fi yawa. Kwanan baya na ji masana na bayani, wai inda ma'aikatan jinya suka wadata mutane sun fi tsawon rai. Na kashe rediyon, don mu ba sai an yi mana bayani ba. Yanzu in na je garin, ni da ban cika hamsin ba ake turawa sahun farko.

Aka rufe makarantarmu, na kwashe iyalina muka koma cikin gari, unguwar Magajin Gari. Inna ta ƙi bin mu, ta ce ba ta barin kabarin mijinta da na ɗanta. Ƙanwata, wadda ke aure a ƙauyen, ita ke duba ta. Ƙwayoyin Sista suka ƙare, na aika da irinsu sau biyu ko uku, daga nan Inna ta aiko cewa ta ji sauƙi a bari. Na yi saurin yarda don yardar ta fi mini sauƙi. Babu mai danna mata ƙwauri kuma, kanwa da gishiri suka koma miya.

A damina ta biyu ƙanwata ta hau tudun da ake samun sabis ta kira ni. Ta ce, "Yaya, Inna kwana uku ke nan ba ta iya kwanciya, a zaune take barci." Washegari da sassafe na hau babur. Rafi ya cika, sai da aka ɗaga babur ɗin a ka aka haye da shi. Na isa da hantsi.

Na same ta an jingina ta da bango, an tokare ta da matashi. Ƙafafun sun kumbura har cinya, fatar na ƙyalli. Leɓɓanta sun yi duhu, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ɗakin cike da mata. Wallahi kafin in gama duban fuskarta idona ya tafi bango, ƙusa na nan ba komai a kanta, na kuma ga matan sun ga inda na duba. Wata gwaggonmu ta gyara zama ta ce, "To, ga Malam ya iso, yanzu za a yi abin da ya kamata." Kunya ta rufe ni. Ina cikin gari, ina aikin gwamnati, uwata kwana uku a zaune ko leda ɗaya ba a rataya mata ba. Kai ta asibitin cikin gari kuwa ba zai yiwu ba a ranar, ba za ta iya zaman babur ba, mota kuma ba ta shigowa sai ranar kasuwa da rakiya, saura kwana uku.

Na aika aka kira mai kemis. Ya zo da jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi ƙafafun.

"Malam, jikin nan da kumburi fa."

Na ce, "Kwana uku ba ta ci abinci ba, ina za ta samu ƙarfi? Sa mata."

Ya buɗe jaka. Inna ta janye hannunta ta ɓoye cikin zane. Maganar ma da ƙyar take fita, tana yi tana tsayawa neman iska.

"Malam. Sista ta ce, kada a sa mini."

Matan suka dubi juna. An daɗe ba a ambaci matar nan a fili a garinmu ba.

"Katin yana kwalla. Ka duba."

Kwallar tana nan a kan gado, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Amma a gaban mata ne, a gaban mai kemis, kuma ni ne na rubuta takardar nan. In na buɗe kwallar, na yarda ke nan cewa maganar wadda na kora tana da daraja a gidanmu. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce, "Inna, har yanzu maganar matar nan kike yi? Wadda ta sa aka kashe miki ɗa? Shekara nawa tana hana ki ruwa, ga inda ta kai ki." Mata suka ce gaskiya ne, wallahi gaskiya ne.

Inna ta ɗago ta dube ni a tsakiyar ido, ita da ba ta taɓa yi ba, ta daɗe tana dubana. Sannan ta zaro hannun daga cikin zane ta miƙa wa mai kemis. Uwa irin tamu ba ta kunyata ɗanta na fari a gaban mutane. Na san da haka sarai, kuma da shi na yi amfani.

Aka rataya ledar farko. Ruwan na ɗiga a hankali, na ce wannan ai sai gobe, a sake shi ya yi gudu. Ya murɗa, ya yi gudu. Labari ya zaga gari, masu dubiya suka riƙa shigowa suna duban bango suna gyaɗa kai, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa ina amsa sannu da ƙoƙari. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Kafin azahar ledar ta ƙare, Inna ta fara wani tari mara ƙarfi, numfashin ya ƙara gajarta. Mai kemis ya ce ko a dakata a gani. Na ce ciwon ne ke faɗa da magani, a ƙara, a sa mai rawayar nan da aka ce ta fi ƙarfi.

A leda ta biyu ta kasa jingina da bango. Ta sunkuyo gaba ta ɗora goshi a kafaɗar ƙanwata, gumi na zuba, ƙirjinta na ƙara kamar tukunya ta tafasa. Duk wanda ke ɗakin yana jin ƙarar nan. Gwaggo ta ce majina ce ke tasowa, alamar sauƙi ce. Da aka zo ta uku mai kemis ya ce, "Malam, don Allah." Na karɓi ledar na rataya ta a ƙusa da hannuna, na tsaya a kansa har ya jona.

Ba ta sake magana ba. Sau ɗaya ta ɗaga ɗaya hannun, ta miƙa shi a hankali wajen igiyar da ke shiga jijiyarta. Na tare hannun na riƙe cikin nawa, na ce sannu Inna, sannu. Ta ja, na ƙara riƙewa. Na ji wata a bayana tana cewa, "Allah sarki, dubi yadda ta riƙe ɗanta." Kumfa ta fara fitowa a bakinta da hancinta, fara mai ɗan ja-ja, ƙanwata na gogewa da bakin zane wata na sake fitowa. Kafin a kira la'asar ta cika, ledar ta uku ko rabi ba ta yi ba, ruwan kuma bai daina ɗiga ba sai da mai kemis ya tashi ya rufe shi.

Dole a binne ta kafin magariba. Maza suka tafi haƙa kabari, mata suka ɗora ruwan wanka. Ina tsaye a tsakar gida ƙanwata ta fito daga ɗaki, farin yadin a hammatarta, idonta jajawur, ta miƙo mini wani abu. Katin ne, ya yi laushi don daɗewa, yana ƙanshin turaren kwallar. Ita ba ta yi boko ba.

"Yaya, shi ne ta ce ka duba. Mene ne wannan da aka rubuta da ja?"

Layi ɗaya ne, da manyan baƙaƙe, da Turancin da ɗan aji huɗu zai karanta. Zuciyarta ta gaza, kada a ƙara mata ruwa ta jijiya. A ƙarƙashi ga layi biyun da na ga an ja a kan turmi. Tun daga ranar yake kwance a kwallar yana jiran mai karatun gidan.

Na ce, "Sunanta ne da na unguwarmu."

Ta ce, "Allah sarki," ta juya ta kai wa mata yadin. Na ninke katin na sa a aljihu, da shi na tsaya a sahu aka yi mata salla, da shi na shiga kabarin na karɓe ta.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mai kemis ya zauna can gefe, kansa a ƙasa, bai dube ni ba ban dube shi ba. Mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu, kowa da maganar da yake ƙarewa da ita, ka yi ƙoƙari, Malam, babu abin da ka rage. Limaminmu, wanda shi kaɗai ya saura cikin masu farin gemun nan na da, ya yi addu'a ya shafa, sannan ya juya ga samarin da ke tsaye ya ce su dube ni su yi koyi. Ya ce, "Leda uku ya sa wa mahaifiyarsa a yini ɗaya, ta ukun da hannunsa ya rataya. Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa." Jama'a suka ce amin. Katin na aljihuna, ni ma na ɗaga hannu na ce amin.